Kadi a Wasan Golf: Tambayoyi da Amsoshi Kan Kalmar da Mai Sunan

Duk wanda ya taɓa kallon wasan golf, wanda wasu gidajen rediyo ke kira ƙwallon lambu, ya ga mutum biyu suna tafiya tare a fili: ɗaya na bugu, ɗaya na saɓe da doguwar jaka cike da sanduna. Na biyun shi Turawa ke kira caddie, a bakinmu kuma kadi. Mai hange daga nesa zai ɗauka ɗan dako ne. Wanda ya san wasan ya san cewa rabin shawarar da ake yankewa a fili daga bakin wannan mutum take fitowa, kuma ta ƙofarsa ce 'ya'yan talakawa suka shiga wasan da aka gina don masu hali. Ga tambayoyin da aka fi yi game da shi.

Me ake nufi da kadi?

Shi ne mai ɗauke wa ɗan wasa sandunansa, yana kuma ba shi shawara yayin wasa. Hukumomi biyu ne ke fitar da dokokin golf tare, R&A da ke garin St Andrews a Sikotlan da USGA ta Amurka, kuma a littafinsu ɗan kadi yana da doka tasa ta kansa. Dokar ta ɗaura shi ne a jikin ɗan wasan: in ya yi daidai ɗan wasa ya amfana, in ya saɓa ɗan wasa za a ci tara. A Turanci kalmar suna ce, kuma fi'ili ce, don ana cewa wane ya yi wa wane kadi.

Daga ina kalmar ta fito?

Daga Faransanci, daga kalmar cadet. Ba baƙuwa ba ce a kunnenmu. Ita ce kadet ɗin da muke kiran ɗaliban makarantar horar da hafsoshi ta NDA a Kaduna, da yaran sakandare masu sa kaki suna fareti ranar 1 ga Oktoba.

Tushenta yankin Gascony ne a kudu maso yammacin Faransa, inda suke cewa capdet, ma'ana shugaba ko kyaftin, ita kuma ta gangaro daga kalmar Latin caput, wato kai. A gidajen manya na can, babban ɗa ne ke gadon gida da ƙasa, ƙannensa sai su nemi na kansu a aikin soja. Da yawansu suka shiga rundunar sarkin Faransa, har kalmar ta koma tana nufin ƙane, daga baya kuma matashin da ke koyon aikin hafsa.

Sikotlan da Faransa sun daɗe da ƙawance tun 1295, saboda dukansu suna da maƙwabciya ɗaya da suke jin tsoro, Ingila. Sojoji da ɗalibai da 'yan kasuwa suna ta kai da kawowa, kalmomin Faransanci da yawa suka zauna a bakin mutanen Sikotlan. Bafaranshe ba ya furta harafin ƙarshe na cadet, "kade" yake cewa, shi ya sa a Sikotlan ta zama kadi. Wajen shekarun 1630 an same ta a rubuce a can, tana nufin ɗan babban gida da ya shiga soja ba tare da muƙami ba, yana jiran a ba shi.

To yaya aka yi sunan ɗan babban gida ya koma na ɗan aike?

A birnin Edinburgh abin ya faru, a ƙarni na 18. Tsohon birnin a cunkushe yake kan tudu, gidaje masu hawa da yawa, lunguna a matse, ba lambar gida, ba famfo a ciki. Sai aka samu wasu maza da samari da sana'arsu ita ce tsayawa a bakin gidajen shan gahawa da kasuwa suna jiran a aike su. Su kai wasiƙa, su raka baƙo masaukinsa da fitila cikin dare, su nemo maka mutumin da kake nema ko yana wane lungu. Wasunsu 'yan ga-ruwa ne, suna hawa da ruwa a ganga har bene na sama. Su aka riƙa kira 'yan kadi.

Ba tarkacen mutane ba ne marasa tsari. Suna da ƙungiya da shugaba da ke hukunta wanda ya ci amana, hukumar birni kuma ta sa musu dokoki da lambar shaida. Wani Bature ɗan Ingila, Edmund Burt, wanda ya yi aiki a Sikotlan a shekarun 1720, ya bayyana su a wasiƙunsa a matsayin matalauta masu tsumma da ke kwana a matakalar bene, amma ana danƙa musu kuɗi da saƙo mai nauyi, kuma da wuya a ji ɗayansu ya ha'inci wani. Wannan bayani ya fi komai burge ni a tarihin kalmar, domin abubuwa biyun da aka san su da su, sanin lungu da saƙo na wuri da riƙon amana, su ne har yau jarin ɗan kadi.

Masu kuɗin Edinburgh suna buga golf a filayen Leith da Bruntsfield da ke kusa. Da za su nemi mai ɗaukar musu sanduna, waɗannan 'yan aiken ne a hannu. A hankali sunan ya bi aikin, zuwa tsakiyar ƙarni na 19 ya zauna daram a kan mai ɗaukar sandunan golf.

An ce Sarauniya Mary ta Sikotlan ce ta kawo kalmar. Gaskiya ne?

Labari ne mai daɗi da ake yawan maimaitawa, amma ba shi da madafa. Ana cewa lokacin da take yarinya a Faransa, inda aka kai ta a 1548, 'yan kadet ne ke ɗaukar mata sanduna, da ta dawo gida a 1561 sai ta zo da kalmar. Babu wata takarda ta zamaninta da ta nuna haka. Abin da aka rubuta game da ita da golf zargi ne na maƙiyanta, cewa an gan ta tana wasa 'yan kwanaki bayan kashe mijinta Darnley a 1567. An kashe ta a 1587, kalmar kuwa sai bayan shekaru kusan hamsin ta bayyana a rubuce a Sikotlan, ma'anarta ta golf kuma sai bayan wasu shekaru ɗari biyu.

Ke nan aikin ya girmi sunan?

Nesa ba kusa ba. A littafin kashe kuɗin wani basaraken Sikotlan, Marquis na Montrose, na 1628, lokacin yana ɗalibi a St Andrews, an rubuta kuɗin da aka ba yaron da ya kai masa sanduna fili. Mutum na farko da tarihi ya riƙe sunansa a aikin shi ne Andrew Dickson, wanda yana yaro ya yi wa Duke na York aiki a filin Leith wajen 1681. Wannan Duke shi ne ya zama Sarki James na Ingila da Sikotlan daga baya. Dickson kuma ya girma ya zama maƙerin sandunan golf.

A wancan zamani ba jaka. A hammata ake rungumar sanduna kamar damin kara, sai ƙarshen ƙarni na 19 jaka ta shigo. Ɗan tsinken da ake ɗora ƙwallo a kai a bugun farko ma babu shi. Ɗan kadi ne zai ɗebo jiƙaƙƙen yashi, ya durƙusa, ya mulmula ɗan tudu da yatsunsa daidai tsayin da maigidansa ke so, ya ɗora ƙwallon.

Ihun "fore" da ake yi a fili yana da alaƙa da kadi?

Masana da yawa suna ganin haka. Kafin 1848, ƙwallon golf fata ce da ake ɗinkewa a cusa mata dafaffen gashin dinya har ta yi tauri. Gwanin mai yi bai wuce ya gama uku ko huɗu a yini ba, saboda haka ƙwallo ɗaya takan kai kuɗin sanda ko ta fi. Ɓatar da ita asara ce babba. Sai ake tura yaro gaba ya tsaya inda ake sa ran za ta faɗi, ya sa mata ido. Shi ake kira forecaddie, wato kadin gaba. In za a buga sai a ƙwala masa kira, ana ganin kiran ne ya gajarce ya zama "fore". Wasu kuma sun ce daga sojojin igwa ne, da ke gargaɗin na gabansu su duƙa. Ko wanne ne, ma'anarsa a yau ɗaya ce: ƙwallo ta nufo ka, ka kare kanka. In ka ji shi, kada ka ɗaga kai neman inda take, ka sunkuya ka rufe ƙeya da hannu.

Ban da ɗaukar jaka, me yake yi a fili?

Ɗaukar jakar ma ba wasa ba ce. Jakar ƙwararren ɗan wasa, da sanduna 14 da ƙwallaye da lema da rigar ruwa da abin sha, takan kai kilo 15 zuwa 20. Za a zaga ramuka 18 da ita a ƙafa, tafiyar da kan kai kilomita 8 ko fiye, kwana huɗu a jere in gasa ce, ban da kwanakin gwaji.

Amma ainihin aikin a ka yake. A golf, wanda ya gama da mafi ƙarancin bugu shi ya ci, kuma kowace sanda da nisan da take kaiwa. Ka ɗauka ƙwallo tana kwance a tsakiyar fili, rami na gaba, da kududdufi a tsakani. Kafin ɗan wasa ya iso, ɗan kadi ya riga ya ajiye jaka, ya zaro ɗan littafinsa daga aljihun baya, ya ƙirga takunsa daga wata alama da ya sani. Zai ce yadi 148 zuwa bakin dandalin da rami yake, 160 zuwa tutar da ke cikin ramin. Ya tsinko ɗan ciyawa ya watsa sama ya ga inda iska ta kai ta, ya kuma dubi kan bishiyoyi, don iskar sama ba lallai ta zama irin ta ƙasa ba. Ya duba ko wurin hawa ne ko gangara, ko ciyawa a jiƙe take. Sannan ya karkato jakar, ya ɗora hannu a kan sanda ɗaya. Duk wannan cikin abin da bai kai minti ɗaya ba.

A dandalin da rami yake, inda ake gangara ƙwallo a ƙasa, zai tsuguna a bayan ƙwallon ya karanta kwanciyar ƙasa, ya ce a nufi tafin hannu ɗaya dama da rami. Shi ke goge ƙwallo da sanda, ya share yashi bayan an buga daga kwarin yashi, ya riƙe tuta, ya tsawata wa 'yan kallo in sun yi motsi.

Akwai kuma abin da ba ya cikin kowane littafi, wato sanin halin mutum. Ya san lokacin da jinin ɗan wasansa ya hau har zai buga fiye da yadda ya saba, sai ya miƙa masa sandar da ba ta kai waccan nisa ba. Ya san lokacin da zai ja shi da hirar ƙwallon ƙafa don ya manta bugun da ya ɓata, da lokacin da zai kama bakinsa. Tsofaffin 'yan kadi suna da ƙa'ida uku da suke gaya wa sabon shiga: ka zo a kan lokaci, kada a bar ka a baya, ka yi shiru. Ta ukun ta daɗe da sassautawa. Yanzu a talabijin za ka ji ɗan kadi yana ja da maigidansa a kan sanda har sai ya sauya, kuma don haka ake biyansa.

Me doka ta yarda ya yi, me ta hana?

Ɗan wasa kadi ɗaya kawai zai riƙe a lokaci guda. In yana wasa shi kaɗai, daga bakin kadinsa ne kawai aka yarda ya nemi shawara. Tambayar abokin hamayya ko ɗan kallo wace sanda ta dace laifi ne.

An yarda ɗan kadi ya nemi ƙwallo in ta ɓace, kuma minti uku ne wa'adin nema tun 2019, a da biyar ne. An yarda ya kawar da ganye da tsakuwa, ya kuma sa alama ya ɗaga ƙwallo in tana kan dandalin rami. Ba a yarda ya yafe wa abokin hamayya bugu ko rami ba, ba shi zai saki ƙwallo ba in za a sauya mata wuri, ba zai tsaya da gangan a bayan ɗan wasa a kan layin bugu ba da zarar ya fara gyara tsayuwa. Ko lema ma, zai iya riƙe masa har zuwa dab da bugu, amma lokacin bugun dole ya janye, ko da ruwa ake kamar da bakin ƙwarya.

Kuskuren kadi ya taɓa jawo babbar asara?

Wanda aka fi tunawa shi ne na gasar Open, ɗaya daga cikin manyan gasannin golf huɗu, ta 2001 a filin Royal Lytham da ke Ingila. Ian Woosnam na yankin Wales yana cikin na gaba a ranar ƙarshe, ya fara da bugun da saura ƙiris ya shiga rami kai tsaye. A wurin fara rami na biyu kadinsa, Miles Byrne, ya gaya masa cewa sanduna 15 ne a jaka, alhali 14 ce iyakar da doka ta yarda. Sun gwada manyan sanduna biyu da safe, aka manta ba a cire ɗaya ba. Aka ƙara masa bugu biyu na tara. Woosnam ya zaro sandar ya yi jifa da ita cikin ciyawa, ya ƙare a na uku tare da wasu, David Duval ya ɗauki kofi. Bai kori Byrne a ranar ba. Bayan mako biyu, a wata gasa a Sweden, da ya makara bai zo farkon wasa ba, a nan aka rabu.

Iyakar sanduna 14 ɗin kanta ta sauƙaƙa wa 'yan kadi. USGA ta kafa ta a 1938, R&A a 1939. Kafin nan akwai 'yan wasan da ke loda wa yaro sanduna ashirin da wani abu.

A Janairun 2019 kuma, a Dubai, aka ci Li Haotong na ƙasar Sin tarar bugu biyu a ramin ƙarshe saboda kadinsa ya tsaya a bayansa, wata ɗaya bai cika ba da fara aiki da dokar. Ya faɗo daga na uku zuwa na goma sha biyu.

Nawa ake biyan su?

A manyan gasa na Amurka da Turai yarjejeniya ce tsakanin mutum biyu, yawanci ma da baki. Abin da aka saba shi ne kuɗin mako tsayayye, sannan kaso daga abin da ɗan wasa ya ci: 5 cikin 100 in ya samu shiga rabon kuɗi, 7 in ya shiga goman farko, 10 in ya ɗauki kofi. Scottie Scheffler ya karɓi dala miliyan 3.6 da ya ci babbar gasar Masters ta Amurka a 2024, ka ga in an bi wannan lissafi rabon kadinsa, Ted Scott, dala 360,000 ne a mako ɗaya. Sai dai irinsu 'yan ƙalilan ne. Yawancinsu su ke biya wa kansu jirgi da masauki, in aka cire ɗan wasansu daga gasa bayan kwana biyun farko ba kaso, kuma ana iya sallamar mutum a wurin ajiye motoci ba sanarwa.

Abin da ya faru a Meziko a 2018 ya tona yadda ake kallon kadin gida. Matt Kuchar ya ci gasar Mayakoba, kusan dala miliyan 1.3, da kadin filin mai suna David Ortiz saboda nasa bai zo ba. Ya ba shi dala 5,000, ya ce abin da suka shirya ke nan har da ƙari. Da maganar ta fito, jama'a suka yi masa ca, a farkon 2019 ya nemi afuwa ya cika masa 50,000. A ganina jama'a sun yi daidai. Sanin filin da mutumin ya kawo bai ragu ba don shi ɗan gari ne.

Ɗan kadi kan zama ɗan wasa?

Tarihin golf cike yake da su. Kamar yaron mota ne da ke zama direba: yana kallon hannun maigida shekara da shekaru, ranar da aka ba shi dama sai a ga ashe ya daɗe da iyawa.

Harry Vardon, wanda ya ci Open sau shida, da kadi ya fara a tsibirin Jersey. A 1913 shi da Ted Ray suka je gasar US Open a Brookline kusa da Boston, kowa na ganin kofin nasu ne. Sai ga Francis Ouimet, ɗan shekara 20, ɗan ma'aikaci, wanda gidansu ke tsallaken titi da filin kuma a nan ya yi kadi yana yaro. Suka yi kunnen doki su uku, aka sake zagaye washegari, ya gama da bugu 72, Vardon 77, Ray 78. Mai ɗauke da jakarsa yaro ne ɗan shekara 10, Eddie Lowery, wanda jakar ta kusa kai shi tsayi. An so a sauya shi da babba kafin wasan raba gardamar, Ouimet ya ƙi. Wannan nasara ce ta sa talakan Amurka ya fara ganin wasan nasa ne shi ma. A 1951 Ouimet ya zama Ba'amurke na farko da ya shugabanci kulob ɗin R&A.

Ben Hogan da Byron Nelson a fili ɗaya suka yi kadi, Glen Garden a Fort Worth ta jihar Texas, har suka kara a gasar 'yan kadi ta 1927, Nelson ya ci da bugu ɗaya. Seve Ballesteros na Sifaniya ya yi kadi a ƙauyensu Pedreña, ya koyi bugu a bakin teku da tsohuwar sanda ɗaya, ya zo ya ci manyan gasa biyar. Chick Evans, wanda ya ci US Open a 1916, shi ya assasa tallafin karatu na 'yan kadi da aka fara a 1930 da ɗalibai biyu a Jami'ar Northwestern, kuma har yau yana kai dubbai jami'a.

Ina labarin baƙar fata a wannan sana'a?

Shekaru da yawa, a Amurka da Afirka ta Kudu, jaka ce kusan kaɗai hanyar da baƙin mutum zai taka filin golf. Ƙungiyar ƙwararrun 'yan golf ta Amurka, PGA, tana da sharaɗin farar fata zalla a tsarin mulkinta har 1961. Wanda ya fara karya shingen, Charlie Sifford, da kadi ya fara a Charlotte.

A filin Augusta, inda ake gasar Masters tun 1934, dole ne kowane ɗan wasa ya ɗauki kadin kulob, kuma dukansu baƙaƙe ne, yawancinsu daga unguwar Sand Hills da ke kusa. Sun san dandalin filin kamar tafin hannunsu. Willie Peterson ya raka Jack Nicklaus ga nasara biyar, Nathaniel Avery ya raka Arnold Palmer ga huɗu. Duk wannan lokaci ba a ga baƙin ɗan wasa a gasar ba sai Lee Elder a 1975. A 1983 aka yarda kowa ya zo da kadinsa, kuma a daidai lokacin da kuɗin wasan ya fara yawa, yawancin waɗannan mutane suka rasa aikin. Wanda ya ɗore shi ne Carl Jackson, da ya fara a 1961 yana ɗan shekara 14, ya yi Masters 54, ya ci biyu da Ben Crenshaw a 1984 da 1995. Farar rigar haɗe da wando da koriyar hula da 'yan kadi ke sawa a Masters har yau kayan aikin waɗancan mutane ne.

A Durban ta Afirka ta Kudu, Papwa Sewgolum, ɗan asalin Indiya da ya tashi a kadi, ya ci Dutch Open sau uku. Ya ci Natal Open a 1963 da 1965, a ta biyun har da zakaran ƙasar, Gary Player, ya kayar. Hotonsa yana karɓar kofi a waje cikin ruwan sama, saboda dokar wariya ta hana shi shiga ɗakin kulob, ya zaga duniya.

Mata na yi?

Suna yi. Fanny Sunesson 'yar Sweden ce mace ta farko da ta yi wa namiji kadi ya ci babbar gasa, Nick Faldo a Masters ta 1990, kuma huɗu suka ci tare. A Japan da Thailand da Indonesiya, yawancin 'yan kadin kulob mata ne.

Caddie ake rubutawa ko caddy?

Littafin dokoki caddie yake rubutawa, amma za ka ga caddy a jaridu. Akwai wata caddy ta daban, ɗan akwatin da Turawan Ingila ke ajiye ganyen shayi, wadda ba ta haɗa komai da wannan ba. Ita daga kalmar Malay ce, kati, ma'aunin nauyi na kusan giram 600 da ake sayar da shayi da shi. Kalmar cad kuwa, da ake kiran namiji marar mutunci da ita, 'yar gida ɗaya ce da kadi, ta samo asali ne daga rainin da 'ya'yan masu kuɗi a makarantun Ingila ke yi wa 'yan aikensu na gari. A Amurka kuma za ka ji ana ce wa ɗan kadi looper, mai zagaye.

A Najeriya fa?

Turawan mulki da na kamfanoni ne suka kawo wasan. Filin Rayfield na Jos, da Turawan haƙar kuza suka kafa a 1913, ana lissafa shi cikin mafi tsufa a ƙasar. Kano da Kaduna da Zariya duk suna da tsofaffin filaye, Abuja na da filin IBB, a Ikoyi ta Legas kuma aka riƙa yin gasar Nigerian Open, wadda Sandy Lyle ya ci a 1978, Vijay Singh kuma a 1988, dukansu kafin su yi suna a duniya.

Saboda ƙarancin ruwa, filaye da dama a Arewa sun daɗe suna amfani da yashi da aka cakuɗa da mai a bakin rami maimakon ciyawa. A irin wannan wuri sai an ja abin shara an daidaita hanyar ƙwallo kafin a buga, kuma sanin gudun ƙwallo a kan yashi, da safe da raɓa ko da rana a lokacin hunturu, ilimi ne da sai wanda ya yini a wurin. Yawancin ƙwararrun 'yan wasanmu ta kadi suka shigo, yaran unguwanni da barikokin da ke maƙwabtaka da fili. Abin da ya rage shi ne tsari: galibi kuɗin zagaye ake ba su, ranar da ba masu wasa ba kuɗi. Mambobin waɗannan kulob manyan 'yan kasuwa ne da hafsoshi da manyan ma'aikata, ba abin da zai gagare su ba ne su ɗaure aikin da karatun yaran kamar yadda Evans ya yi.

Ƙananan motocin fili ba su kashe sana'ar ba?

Sun rage ta ƙwarai, musamman a Amurka tun shekarun 1950, don kulob ya fi samun riba a hayar mota. Na'urar auna nisa ma ta zo, dokokin 2019 sun halatta ta sai in masu gasa sun hana. Amma a manyan gasa har yanzu da ƙafa ake zagayawa. Sai da Casey Martin, mai ciwon ƙafa, ya kai ƙara kotu kafin aka bar shi ya hau mota, shari'ar kuma ta kai har Kotun Ƙolin Amurka, wadda ta tabbatar masa da wannan dama a 2001. Na'ura za ta gaya maka yadi nawa ne, ba za ta gaya maka cewa hannunka na rawa ba.

In na je wasa karon farko aka haɗa ni da kadi, yaya zan yi da shi?

Ka gaisa da shi, ka tambayi sunansa, ka kira shi da shi. Ka tambayi shugaban 'yan kadi na kulob ɗin nawa ne kuɗin zagaye kafin a fara, ka kuma ƙara masa wani abu a kai in an gama. Ka gaya masa gaskiyar iyawarka tun a ramin farko, don da ita zai zaɓar maka sanda. Ka rage kayan da ba ka buƙata a jaka. In kun tsaya shan ruwa bayan rami na tara, ka saya masa nasa. In ya ce ka nufi hagu ka nufi dama ƙwallo ta faɗa ruwa, kada ka juya kansa da faɗa. In kuma yaro ne ɗan makaranta, ka tambaye shi ajinsa nawa, ka kuma guji riƙe shi a lokacin da ya kamata a ce yana aji.